Yatsan Baba da Durowa Goma Sha Biyu

Alhamis, 6:50 na safe

Kwana na uku a asibiti. Lokacin da na rubuta a sama daga waya na duba, don agogona yana wurin Baba tun satin da na kammala jami'a. Agogon tsayawa ya yi, na kai masa shago, ya ce, "Uwata, bari in gama da na mutane, na gida ba ya gudu." Shekara talatin da ɗaya yana gyaran agogo, kullum na gida ne na ƙarshe.

Malamar da ta koya mana tarihin ilimin halayyar ɗan Adam ta taɓa cewa, duk ranar da kai ya ɗaure, a ɗauki biro a rubuta abin da ido ya gani kawai, da lokacinsa. To ga abin da na gani. Ɗaki mai gado shida, Baba yana na huɗu, kusa da taga. Hannun dama yana nan inda aka ajiye shi jiya. Na hagu yana motsi. Ido a buɗe, yana bin mutum. Baki ba ya cewa komai.

Kalmar da likita ya faɗa ranar Talata ba zan rubuta ta ba.

Na gode Allah da telan da ke maƙwabtaka da shagonsa ya leƙa a lokacin da ya leƙa.

Juma'a, 1:15 na rana

Ya haɗiye shayi cokali huɗu. Huɗu. Alhamdu lillahi.

Asabar, 4:30 na yamma

Na zo da tsofaffin takarduna na aji ɗaya ina karantawa a bakin gado, don in ba haka ba sai in yi ta ƙirga ɗigon ruwan da ake ƙara masa. Na buɗe babin da ke magana a kan ɗakin gwaji na farko na wannan ilimi, wanda aka kafa a 1879. Mutanen nan sukan zaunar da mutum, su kunna masa na'ura mai ƙas-ƙas kamar agogon bango, su ce ya duba cikin kansa ya faɗi abin da yake ji. Duk iliminsu ya rataya ne a kan mutum ya buɗe baki ya ba da labari. Da Baba aka kai musu, tun daga ƙofa za su sallame shi.

Yaya ya shigo da fulas, ya gan ni da takardu.

"Farfesa," in ji shi, "shekara huɗu kina koyon karanta zuciyar mutane. To ga naki a kwance, karanta mana."

"Ba karanta zuciya ake koyarwa ba, Yaya."

"To me kika je yi? Umma, kin ji ko? Ashe yawo muka tura ta."

Umma ta yi dariya, ta farko tun Talata, sai kuma ta rufe baki da mayafi kamar ta yi laifi. Na gode wa Yaya a zuciyata. Ban gaya masa ba, kansa zai yi girma.

Baƙar ledar da aka ba mu da kayan da Baba ya sa ranar Talata tana nan bayan ƙofar ɗakin Umma a gida. Ba ta buɗe ba, ba ta kuma yarda kowa ya taɓa ba.

Litinin, 11:05 na safe

Likita ya tsaya da mu minti bakwai. Akwai sashe a bene na biyu inda ake koya wa irin su Baba magana daga farko. Gurbi ɗaya ya rage a zagayen da za a fara. Amma ba sa ɗaukar kowa sai wanda yake gane abin da ake faɗa masa, don wanda ba ya ganewa aikin ba zai amfane shi ba. Ranar Alhamis ta sama za a yanke. In ba a ɗauke shi ba, gida za mu tafi da shi.

Na tambaya, "Yana ganewa?"

Ya ce, "Ban tabbata ba tukuna. Na yi masa magana sau biyu ina duba fayil, ban ga alama ba. Ku da kuke tare da shi ku lura."

Kwana goma ke nan.

Litinin, 5:40 na yamma

A 1913 wasu suka tashi suka ce a bar zancen abin da ke cikin kai, tunda ba wanda zai iya leƙawa. A ƙirga abin da jiki yake yi, shi ke nan. A makaranta haushinsu nake ji, ina ganin sun mai da mutum kamar famfo. Yau na gode musu. Hannun hagu yana motsi, motsi kuwa ana iya ƙirga shi.

Talata, 10:20 na safe

Yau na gwada abin da na karanta jiya.

Na jawo teburin gado na ɗora hannunsa na hagu a kai. Na zauna daidai gabansa, na ce, "Baba, 'ya'yanka nawa? Buga min da yatsa."

Ya daɗe yana kallona. Sai yatsan ya ɗaga. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Ya tsaya.

Mu huɗu ne, biyu suna nesa.

Na ce, "Ɗaki nawa ne a gidanmu?" Uku. Daidai.

Na fita baranda na tsaya kusa da bokitin shara har fuskata ta bushe. Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta wuce da kwanon allura, ta ce, "Kukan daɗi ne ko na wuya? In na daɗi ne matsa, kin tare hanya."

Laraba, 2:00 na rana

Tambaya takwas, takwas daidai.

Alhamis, 12:10 na rana

Goma cikin goma. Na zana layuka a takarda, tambaya, amsa, lokaci, na kai wa likita. Ya karanta har ƙasa, ya ce, "Wannan aiki ne mai tsabta. Me kika karanta?" Na gaya masa. Ya sa takardar cikin fayil ɗin Baba.

Umma ta kira 'yan uwa biyun da ke nesa, tana ta maimaitawa, "Yana ji, wallahi yana ji, ƙanwarku ce ta gano."

Asabar, 3:25 na yamma

Yaya ya zauna yana kallonmu muna yi. Da muka gama ya ce, "Farfesa, ke kin fi Baba shan wahala. In ya fara bugawa sai ki riƙe numfashi ki sunkuya kamar mai ɗaukar buhu. Da ya kai lambar sai ki sake, kafaɗunki su faɗo. Wata rana sumewa za ki yi, a ba ki gado na biyar."

Wasa yake yi. Ya ci gaba da ɓare lemo.

Ni kuwa sai na jawo takarduna na fara neman wani shafi.

Asabar, 5:50 na yamma

Shafi na arba'in da biyu a takarduna, da rubutun hannuna, har na ja layi a ƙarƙashi.

A farkon ƙarnin da ya wuce an yi wani doki da ake yi wa tambayar lissafi yana amsawa da kofato. Mai shi ba maƙaryaci ba ne, shi ma ya gaskata. A 1907 wani mai bincike ya nuna abin da ke faruwa. Dokin yana fara bugawa, mai tambaya yana ɗaure jiki, idan an kai lambar sai ya ɗan saki jiki ba tare da ya sani ba, dokin kuma ya tsaya. In mai tambaya ya san amsa, dokin yana cin kashi tamanin da tara cikin ɗari. In bai sani ba, kashi shida.

Na ci wannan tambayar a jarrabawa, maki goma cif. Ga shi na zo na yi abin da mai dokin ya yi, a kan mahaifina, na kuma kai wa likita a rubuce.

Allah Ya yafe min haɗa Baba da doki a shafi ɗaya.

Lahadi, 10:45 na safe

Na jira Umma ta tafi wanke kwanuka. Na zagaya bayan gadon, ta wajen kafaɗarsa ta dama, inda ba zai ga fuskata ba. Tambayoyin nan goma dai na ranar Alhamis.

Biyu daidai. A huɗu bai motsa ba sam. A sauran ya fara bugawa bai tsaya ba. Da na ce 'ya'yanka nawa, sai da ya kai goma sha huɗu, yana juya ido yana nemana, kafin yatsan ya gaji ya kwanta.

Abin da na gani kawai nake rubutawa.

Lahadi, 4:00 na yamma

Takardar tana cikin fayil. Ba wanda ya san na yau sai ni. In na yi shiru, Alhamis za ta zo ta wuce lafiya.

Lahadi, 4:20 na yamma

A gado na biyu akwai wani dattijo, 'yarsa ita ma tana jiran Alhamis. Jiya ta ba ni aron cokali.

Litinin, 11:30 na safe

Na gaya wa likita. Na ba shi takarda ta biyu, na ce ta farko ba abin dogaro ba ce, kuskuren kuma nawa ne. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Ba kasafai ake dawo min da irin wannan ba." Bai cire ta farkon ba, ya haɗa su biyun da ƙusa. Ya ce sai Alhamis.

Umma tana tsaye a bayana, ta ji komai.

Litinin, 6:05 na yamma

Ba ta yi min magana ba tun safe. Ta zuba min abinci ta tura min da bayan hannu. Yaya ma yau ba Farfesa, ba komai.

Duk da haka ta zuba min. Na gode da wannan.

Talata, 7:30 na safe

Muna jiran mota a bakin titi ta yi magana, ba ta kalle ni ba.

"A ina kika ce kin tsaya?"

"Bayansa, Umma. Ta dama."

"Ta dama." Ta gyara riƙon fulas. "Ke da karatunki. Kunnen daman mahaifinki ya mutu shekara uku ke nan, na hagun ma saura kaɗan. Bakin mutum yake kallo. Kina makaranta, ya ce kada a gaya muku, wai mai gyaran agogo ba ya kurumcewa. Kin je kin laɓe a bayansa kina yi masa raɗa, me kike so ya ji?"

Na ce, "Umma, me ya sa ba ki gaya wa likita ba?"

"Ya tambaye ni? Shi ma kansa a cikin fayil yake in yana magana. Ni ba na bukatar yatsa. In na shigo ɗakin nan na san ko mijina yana ciki."

A wajen 1912 wasu masana suka ce mutum ba gutsure-gutsure yake ganin abu ba, ɗungurungum yake gani. Umma ba ta taɓa jin labarinsu ba. Ni ina ƙirga yatsa, ita tana ganin mijinta.

Amma likita ba zai rubuta "Umma ta sani" a fayil ba.

Talata, 1:10 na rana

Na yi ta maza na kira Malama. Ban yi zaton za ta tuna ni ba, ta ce, "Mai zama layin gaba, mai gyara min shekaru in na yi kuskure." Na ba ta labari duka. Ba ta lallashe ni ba, na kuma gode da hakan.

Ta ce, "Gwaji nawa mai binciken ya yi wa dokin?"

"Manya biyu, Malama. Ya hana shi ganin mai tambaya."

"Wannan kin yi, kin kuma ɓata shi, don kin toshe ido da kunne a lokaci guda. Na biyun fa?"

"Ya sa wanda bai san amsar ba ya yi tambayar."

"To me kike jira? Zauna a gabansa ya ga bakinki da kyau. Ki nemo abin da shi ya sani, ke ba ki sani ba. Kuma ki daina tambayarsa ɗaki nawa ne a gidansa, ba yaro ba ne."

Talata, 5:15 na yamma

Durowa!

A shagon Baba akwai kabad mai durowa goma sha biyu, da lamba a jikin kowace. Ba ya rubuta suna, ba ya manna takarda, ba ya barin kowa ya buɗe. Komai a kansa yake. Shekara talatin Umma tana faɗa a kan wannan hali.

Na je wurin tela, makullin shagon yana hannunsa tun ranar da abin ya faru. Ban shiga shagon ba. Na tambaye shi su wa suka zo neman agogonsu. Ya ajiye almakashi ya lissafa min huɗu: tsohon hedimasta, mai baƙin maɗauri da fasasshen gilashi. Mai kemis, ruwan zinariya. Matar mai gidan burodi, ƙarami mai jar fuska. Direban makaranta, na ƙarfe, an ɗaure shi da waya.

Ya ce, "'Yata, ni dai ban gane wannan aikin ba, amma in don maigidan ne, ko ƙofar kike so in cire sai in cire."

Na ƙara na biyar da kaina: nawa.

Laraba, 10:00 na safe

Na roƙi Sista ta zama mai rubutawa, don kada hannuna ya shiga ciki. Ta ce, "Minti biyar, ina da masu jiran allura." Ta yi ashirin.

Na zauna a gabansa, hasken taga a fuskata. Na ce, "Baba, mutane suna ta zuwa shago. Agogon hedimasta, wace durowa?"

Wani abu ya canza a idonsa, ban san yadda ake auna shi ba. Yatsan ya fara, da sauri fiye da kullum. Bakwai. Ya tsaya da kansa. Na riƙe numfashi ko ban riƙe ba, ba abin da zai karanta a jikina, don ni ma ban sani ba.

Mai kemis, biyu. Matar mai burodi, goma sha ɗaya. Direba, biyar.

Na ce, "Nawa fa, Baba?"

Bai buga ba. Ya ɗaga hannun daga tebur ya dafa ƙirjinsa. Na maimaita, ya sake dafawa. Na ce wa Sista ta rubuta "bai amsa ba." Ta ce, "Gajiya ce, ko kuma yana nufin kina ransa." Ta rubuta, ta sa hannu, ta ninke.

Laraba, 12:40 na rana

Tela ne ya buɗe durowoyin, Yaya yana ɗaukar hoto da waya, ni ina bakin ƙofa na kasa shiga. Gilashin idon Baba na aiki yana kan tebur inda ya bar shi, kujerar kuma a kife take har yanzu. Yaya ya tayar da ita.

Bakwai: baƙin maɗauri, fasasshen gilashi.

Biyu: ruwan zinariya.

Goma sha ɗaya: ƙarami, jar fuska.

Kafin a buɗe ta biyar Yaya ya ce, "Farfesa, numfasa mana, babu gado a nan." Na ƙarfe ne, ɗaure da waya.

Mun buɗe sauran takwas ɗin, nawa ba ya ciki. Ban damu ba.

Na yi lissafin a bayan takarda, sau biyu. In da dace ne kawai, a ci huɗu a jere cikin durowa goma sha biyu, sau ɗaya ne cikin dubu ashirin da ɗari bakwai da talatin da shida. Na faɗa wa tela, ya ce, "Ni tun a ta farko na gama lissafina."

Alhamis, 11:50 na safe

Likita ya karanta takardar Sista, ya kalli hoton wayar Yaya. Umma ta gaya masa zancen kunnen da bakinta. Ya ajiye fayil a kan gado, ya jawo kujera ya zauna daidai gaban Baba, ya ce, "Baba, taɓa hancinka. Rufe ido. Nuna min ƙofa." Duk ya yi. A ta ƙarshen har da wani kallo, irin wanda yake yi wa mai kawo agogon da ya faɗa ruwa ya ce bai san me ya same shi ba.

Litinin zai hau bene na biyu. Dattijon gado na biyu an sa shi a zagaye na gaba, bayan sati shida. Na mayar wa 'yarsa cokalinta, ta rungume ni.

Na gode wa tela da ya leƙa. Na gode wa bakin Yaya. Na gode wa Sista, da Malama, da Umma da ta zuba min abinci tana fushi. Har dokin nan da ya mutu tun kafin a haifi kakana, na gode masa.

Juma'a, 9:15 na safe

Umma ta ce Baba ba zai hau bene da rigar asibiti ba, tasa zai sa. Ta ɗauko baƙar ledar daga bayan ƙofa, ta zauna a bakin gado ta daɗe tana riƙe da ita, sannan ta kwance. Tana zazzage rigar kafin ta jiƙa, sai ta tsaya, ta sa hannu a aljihun ƙirji.

Agogona ne, naɗe cikin farar takarda. Sabon batir, an goge gilashin. Yana tafiya. Kwana goma sha bakwai yana tafiya a bayan ƙofa, ba wanda ya ji shi.

Ashe ranar Talatar da abin ya faru, gida zai kawo min shi.

Juma'a, 11:32 na safe

Na nemi Sista na ce a gyara takardar Laraba. Ta soke "bai amsa ba," ta rubuta "aljihun ƙirji," ta ce, "Ke dai ba kya barin takarda ta huta." Biyar cikin biyar.

Na zauna a gaban Baba na nuna masa hannuna. Ya kalli agogon, ya kalle ni. Sai ya kama wuyan hannuna da hannun hagu, ya jawo shi a hankali har kunnensa, kamar yadda yake yi wa kowane agogo kafin ya miƙa wa mai shi. Ban sani ba ko yana jin ƙarar. Ban gwada ba, ba kuma zan gwada ba.

Lokacin da ke sama daga agogona na duba. Ya fi na waya da minti ɗaya. Na bar shi haka.